Bitamin da Kaifin Tunani a Cutar MS: Abin da Awon Jini Ke Nunawa da Abin da Ba Ya Nunawa

Idan aka ambaci cutar maltiful eskilerosis, wadda likitoci ke taƙaitawa da MS, abin da ke fara zuwa zuciyar wanda ya san ta shi ne sanda da keken guragu. Ƙafa ta yi nauyi, ido ɗaya ya dushe, hannu ya riƙa rawa, mutum ya kasa tafiya a miƙe. Waɗannan ana ganin su, ana kuma tausaya wa mai su. Amma cutar na da wani ɓangare da ba ya fitowa fili, kuma sau da yawa shi ke raba mutum da aikinsa tun ƙafafunsa na ɗaukarsa: tunani ya yi nauyi, riƙe sabon abu ya gagara. Jean-Martin Charcot, likitan Faransa da ya fara bayyana cutar dalla-dalla a asibitin Salpêtrière na birnin Faris a 1868, ya lura da haka tun wancan zamani. Ya ce majinyatansa na fama da raunin tuna abu, kuma tunani na zuwa musu a hankali. Aka yi fiye da shekara 100 maganar na gefe, sai a 1991 Stephen Rao da abokan aikinsa a Amurka suka gwada masu cutar 100, suka kiyasta cewa kashi 43 cikin 100 na da matsala a aikin ƙwaƙwalwa. Binciken da ya biyo baya ya sa adadin tsakanin kashi 40 da 65.

Kowace jijiyar saƙo a ƙwaƙwalwa da laka tana sanye da wani rufi mai maiƙo da ake kira mayalin, wanda shi ke sa saƙo ya yi gudu. A cutar MS garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa wannan rufi, ta bar tabo nan da can. Wanda ya taɓa fama da wayar caji da robarta ta zaizaye ya san yadda abin yake: yau ta kawo wuta, gobe ta ɗauke, jibi ta kawo amma da ƙyar. Ƙididdigar 2020 ta ƙungiyar masu yaƙi da cutar ta duniya ta nuna mutum kusan miliyan 2.8 ke ɗauke da ita. Fiye da biyu cikin kowane uku mata ne, kuma matsakaicin shekarun da ake gano ta 32 ne, wato lokacin da mutum ke tsakiyar neman abinci da renon yara.

Matsalar tunanin nan ba hauka ba ce, kuma ba kasafai take kai wa ga irin ruɗewar tsufa da mutum ke manta sunan ɗansa ba. Jinkiri ne. A ɗauki malamar makaranta da a da take duba takardun ɗalibai 40 kafin la'asar, yanzu magariba na yi ba ta kai rabi ba. Mutum uku na hira a gabanta, kafin ta haɗa amsar maganar farko an wuce zuwa ta uku. An aike ta da saƙo huɗu, ta iso da biyu. A gida a ce ta cika shiririta, a wurin aiki a ce ta zama malalaciya, ita kuma ta rasa bakin bayani domin jikinta a ido lafiya lau yake. Likitoci na auna wannan da wani ɗan gwaji mai sauƙi da ake kira SDMT. A saman takarda akwai alamomi tara, kowace da lambarta daga 1 zuwa 9. A ƙasa an jera alamomin barkatai, sai a ce wa mutum ya faɗi lambar kowace alama iya saurinsa cikin daƙiƙa 90. Yawan abin da ya samu daidai shi ke nuna saurin ƙwaƙwalwarsa.

Har yau babu wani magani da hukumomi suka amince da shi musamman domin wannan matsala. An gwada donefezil, maganin da ake ba masu cutar mantuwa ta tsufa, a mutum 120 masu MS, sakamakon da ya fito a 2011 bai nuna amfani ba. Inda babu magani kuwa, mutane ba sa zama su naɗe hannu. Wannan giɓi ne ya sa maganar bitamin ta samu kasuwa, kuma ba za a ce maganar banza ba ce, domin akwai dalilai masu nauyi a bayanta. Abin da nake so a bambance shi ne wane dalili ne ke tsaye da ƙafarsa, wanne ne kuma aka jingina.

Yadda bitamin D ya shigo maganar

Taswira ce ta fara jawo hankali. Cutar ta fi yawa a ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, irin su Sikotilan, Kanada da Suwidin. A cikin Ostireliya kaɗai, tsibirin Tasmaniya da ke can kudu mai sanyi ya ninka arewacin ƙasar mai zafi sau da yawa. Fatar mutum ce ke ƙera yawancin bitamin D idan hasken rana ya taɓa ta, kuma a Birtaniya daga Oktoba zuwa farkon Maris ranar ba ta da ƙarfin da za ta sa fata yin wannan aiki. Taswirar dai ba ta rasa tawaya ba, domin tsibirin Sardiniya na Italiya rana gare shi sosai, amma yana cikin wuraren da cutar ta fi yawa a Turai.

A 2006 Kassandra Munger da Alberto Ascherio na jami'ar Harvard suka samu wata dama da ba kowa ke samu ba. Rundunar sojan Amurka na ajiye jinin da ta ɗiba daga jami'anta, na mutum fiye da miliyan 7. Suka zaƙulo mutum 257 da daga baya suka kamu da MS, suka koma ga jinin da aka ɗibar musu tun suna lafiya. A cikin fararen fata, waɗanda ke rukunin da ya fi kowa yawan bitamin D haɗarin kamuwarsu ya yi ƙasa da kashi 62 cikin 100 idan aka kwatanta da rukunin ƙarshe. A 2015 kuma masu bincike a jami'ar McGill ta Kanada suka biyo ta hanyar gado. Akwai mutanen da aka haifa da ƙwayoyin halitta da ke sa bitamin D ɗinsu zama ƙasa-ƙasa duk tsawon rayuwa, kuma an tarar sun fi kamuwa da cutar. Wannan hujja na da ƙarfi saboda gado ya riga cutar zuwa, ba yadda za a yi a ce ita ta haddasa shi.

A ɗakin gwaji ma akwai abin kamawa. Ƙwayoyin garkuwar jiki na da makarɓar bitamin D, kuma yana lafar da irin waɗanda ke hura wutar kumburi. A 2005 masu bincike a Birisben ta Ostireliya sun nuna cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ita ma tana da wannan makarɓa, har da sashen da ke kula da ajiye sabon abu.

Sai dai duk wannan magana ce ta kamuwa da cutar. Kamuwa daban, yadda cutar ke tafiya bayan ta kama daban, abin da take yi wa tunani kuma daban. Masu talla sukan haɗe ukun su zuba a kwalba ɗaya.

Binciken da ya fi kusantar tambayarmu, wato ko bitamin D na da alaƙa da kaifin tunanin mai MS, ya fito ne a 2020 daga hannun Marianna Cortese da abokan aikinta, su ma na Harvard. Sun bi sawun mutanen da suka shiga wani tsohon gwajin magani mai suna BENEFIT, waɗanda aka ɗauka tun alamar cutar ta farko, aka riƙa auna jininsu a shekaru biyun farko. Bayan shekara 11 aka samu 278 daga cikinsu aka yi musu gwajin PASAT. Gwaji ne mai gajiyarwa: murya na karanto lamba duk bayan daƙiƙa 3, kai kuma ka haɗa ta da wadda ta gabace ta. An ce 3, an ce 5, ka ce 8. An ce 2, amsa 7 ce, domin da 5 za ka haɗa, ba da 8 da ka faɗa ba. Haka har sau 60. Abin da aka gani shi ne, duk ƙarin nanomol 50 (ma'aunin da ake awon bitamin ɗin da shi) na bitamin D a kowace litar jini a farkon cutar ya zo tare da raguwar kashi 65 cikin 100 na yiwuwar faɗawa rukunin masu ƙarancin maki bayan shekara 11. An kuma auna wani sinadari da ke zuba cikin jini idan jijiyoyi na lalacewa, aka tarar ya yi ƙasa da kusan kashi 20 cikin 100 a masu wadatar bitamin ɗin.

Wannan sakamako ne mai kyau, kuma ƙarfinsa shi ne an auna jinin shekaru kafin a auna tunanin. Duk da haka ba a nan gizo ke saƙar ba. Wa ke da wadatar bitamin D a ƙasar sanyi? Wanda ke fita waje, yana motsa jiki, ba shi da ƙiba mai yawa, yana da halin cin kifi mai kyau da tafiya hutu inda ake rana. Kowanne daga cikin waɗannan shi kaɗai na iya taimakon ƙwaƙwalwa. Masu bincike na ƙoƙarin cire irin waɗannan a lissafi, amma ba a iya cire su kakaf.

Akwai kuma wani abu na musamman ga wannan cuta. Tun 1890 likitan ido Wilhelm Uhthoff ya lura cewa idan jikin mai MS ya ɗumama, ganinsa na ƙara dushewa na ɗan lokaci. Zafi na tsananta alamomin cutar ga mafi yawan masu ita, har a da likitoci kan sa mutum cikin ruwan zafi domin su gane ko ita ce. Saboda haka wanda cutar ta fi matsa wa shi ya fi gudun rana, ya fi zaman ɗaki, ya fi fama da gajiya da ciwon damuwa da ke hana fita. Idan aka auna jininsa aka ga bitamin D ya yi ƙasa, aka gwada tunaninsa aka ga ya yi nauyi, ba lalle ƙarancin ne ya jawo nauyin ba. Tana iya yiwuwa tsananin cutar ne ya haifi duka biyun. Yawancin ƙananan binciken da ake yaɗawa, waɗanda aka ɗebi jini aka yi gwajin tunani a rana ɗaya, ba su da hanyar warware wannan ƙulli.

A Jami'ar Amurka ta Beirut, Hala Darwish da abokan aikinta sun matsa gaba kaɗan a 2017. Cikin masu cutar 88, sun ba waɗanda ke da ƙarancin bitamin D IU 10,000 kullum na wata 3 (IU shi ne awon da ake rubutawa a jikin kwalba), kuma makinsu ya ƙaru a gwajin tuna zane da wani gwajin tunani na gaba ɗaya. Labari ne mai daɗin ji. Amma ba a raba mutanen ta hanyar ƙuri'a ba, ba a kuma ba wasu ƙwayar wofi, wadda babu magani a cikinta, domin kwatantawa ba. Kusan kowa idan ya maimaita gwaji bayan wata 3 yakan fi na farko, saboda ya saba da shi.

Da aka kai maganar ga gwaji na gaskiya

Hanya ɗaya ce ta raba gardama: a jefa ƙuri'a, wasu su sha bitamin, wasu su sha ƙwayar wofi, ba majinyaci ba likita babu wanda ya san wa ke shan me. An yi haka sau da dama. A gwajin SOLAR da ya fito a 2019, mutum 229 ne, an ƙara wa wasu kusan IU 14,000 kullum a kan maganinsu na tsawon mako 48. Babban abin da aka sa a gaba, wato a ga cutar ta lafa gaba ɗaya, bai samu ba, ko da yake sababbin tabo a hoton MRI, na'urar da ke hasko cikin ƙwaƙwalwa, sun ragu. Gwajin VIDAMS na Amurka, a 2023, ya kwatanta IU 5,000 da IU 600 a mutum 172, tashin cutar bai bambanta ba. Gwajin PrevANZ na Ostireliya da Niyu Zilan ya ɗauki masu alamar farko, ya ba su har IU 10,000 kullum na mako 48, shi ma bai ga an hana cutar ci gaba ba.

Ana shirin rufe littafin sai ga gwajin D-Lay MS daga Faransa a 2025, ƙarƙashin Eric Thouvenot na birnin Nim. Mutum sama da 300 masu alamar farko, waɗanda ba su fara wani maganin MS ba, aka ba rabinsu IU 100,000 duk mako biyu har shekara 2. Cutar ta motsa a kashi 60 cikin 100 na masu shan bitamin, ta motsa a kashi 74 na masu ƙwayar wofi. Bambanci ne na gaske. Amma yawancinsa a hoton MRI aka gan shi, tashin cutar da mutum ke ji a jikinsa bai bambanta ƙwarai ba.

Fahimtata ita ce bitamin D na iya ɗan lafar da kumburi, musamman a farkon cutar, amma tasirinsa bai kama ƙafar manyan magungunan MS na zamani ba, waɗanda wasunsu ke rage sababbin tabo masu kumburi da fiye da kashi 90 cikin 100. Game da tunani kuwa, cikin waɗannan manyan gwaje-gwaje babu ko ɗaya da aka tsara shi domin wannan tambaya. Wannan na damuna. An kashe shekaru da kuɗi ana ƙirga tabo a hoto, alhali abin da ke korar mutane daga aiki an bar shi a sahun baya. Duk wanda ya ce an tabbatar bitamin D na kaifafa tunanin mai MS ya wuce inda hujja ta tsaya, haka ma wanda ya ce an tabbatar ba ya yi.

B12, wanda labarinsa ya sha bamban

Da za a tambaye ni wane bitamin ne ya fi cancanta a auna wa mai MS da ya zo da kukan mantuwa, B12 zan fara ambata, duk da cewa D ya fi shi suna. Dalili kuwa shi ne, a nan ba zato ake yi ba. Jiki na buƙatar B12 domin kula da rufin mayalin ɗin nan da cutar ke ci. Idan ya ƙare, ko babu MS, ƙafafu sukan sage, mutum ya riƙa jin kamar kiyashi na tafiya a fatarsa, tafiya ta zama tangaɗi musamman cikin duhu, gani ya dushe, mantuwa da ruɗewa da ƙuncin zuciya su shigo. Har a hoton laka yana barin alama. Kamannin sun kai matuƙar da likitan jijiya mai lura ba ya yanke hukuncin MS sai ya duba B12. Idan kuma mutum na da cutar da gaske sannan ƙarancin ya hau kai, kowa zai ɗora laifin a kan MS, a bar abin da allura za ta iya gyarawa yana ci gaba da ɓarna. Idan aka daɗe, wata ɓarnar ba ta gyaruwa.

B12 daga abincin dabba ake samunsa: nama, hanta, kifi, ƙwai, nono. Hanta na ajiye na shekaru, shi ya sa ƙarancin ke zuwa a sace. Wani ba rashin ci ne matsalarsa ba, cikinsa ne ba ya iya tsotsa, sau da yawa saboda garkuwar jiki ta lalata ƙwayoyin tumbi da ke taimakawa. Wanda ya daɗe yana shan metfomin na ciwon suga, ko omefirazol na gyambon ciki da ake saye a kemis kamar alewa, yana cikin haɗari. Haka matasan da ke zuƙar iskar dariya a balan-balan, abin da hukumar NDLEA ta ba da umarnin murƙushe cinikinsa a Najeriya a 2023: iskar na kashe aikin B12 kai tsaye, kuma ta nakasa matasa da dama a ƙasashe daban-daban. Akwai tarko guda da ya kamata a sani. Folik asid, wanda ake ba masu ciki da masu ƙarancin jini, yana iya gyara jinin ya yi kyau a awo alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa saboda rashin B12. Idan awon B12 ya faɗo a kan iyaka, likita kan ƙara da awon homosistin, wani sinadari da ke taruwa a jini idan B12 ko folik asid sun gaza.

Shi wannan homosistin an sha samunsa da ɗan yawa a jinin masu MS, kuma wani binciken Italiya na 2008 ya danganta yawansa da raunin tunani. Awon B12 kansa kuwa, wasu binciken sun ga ya yi ƙasa a masu cutar, wasu ba su ga bambanci ba. Abin da ke tabbas shi ne cike giɓi ga mai giɓi. Dirka wa wanda jininsa ke cike allurar B12 kowane mako ba a nuna yana ƙara masa komai ba.

Idan aka wuce gona da iri

Mutane na ɗaukar bitamin kamar abinci, wai in bai yi amfani ba ba zai cutar ba. Tarihin wannan cuta kaɗai ya isa ya rushe zancen. Babba na buƙatar kimanin IU 600 na bitamin D a rana, kuma iyakar da hukumomin lafiya suka ce a tsaya idan babu kulawar likita ita ce 4,000. Wani likita a Birazil, Cícero Coimbra, ya yi suna da tsarin ba masu MS IU 40,000 zuwa sama da 100,000 kullum, kuma tsarin ya bazu ta Facebook zuwa ƙasashe da yawa ba tare da gwajin ƙuri'a ko ɗaya a bayansa ba. Bitamin D ba ya fita a fitsari kamar bitamin C, taruwa yake a kitsen jiki. Idan ya yi yawa sai kalsiyam ya hau a jini, ƙoda ta yi tsakuwa ko ta samu rauni, kuma an rubuta rahoton masu MS da hakan ta same su. Abin takaicin shi ne alamomin hawan kalsiyam sun haɗa da kasala, raunin gaɓoɓi da ruɗewar tunani. Mutum zai zaci cutarsa ce ta tashi, ya ƙara yawan abin da ke cutar da shi.

Bayotin, wato bitamin B7, ya fi ba da darasi. A 2016 wani gwajin Faransa mai mutum 154 ya ba masu nau'in cutar da ke ci gaba ba tsayawa miligiram 300 kullum, ninki 10,000 na abin da jiki ke buƙata. Mutum 13 cikin masu sha suka samu sauƙi, cikin masu ƙwayar wofi babu ko ɗaya. Jama'a suka ruga saye. Da aka maimaita a mutum 642, sakamakon 2020 ya nuna kashi 12 na masu sha sun samu sauƙi, kashi 9 na masu ƙwayar wofi ma haka, bambancin da bai wuce na dace ba. A tsakanin nan kuma an gano bayotin mai yawa na rikita awon jini a ɗakin gwaji. Yana sa awon tayirod na maƙogwaro ya nuna cutar da babu, yana kuma iya ɓoye alamar bugun zuciya. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2017 bayan rahoton mutuwar wani da awonsa ya fito ba daidai ba.

Bitamin A an gwada shi a ƙananan gwaje-gwaje a Tehran, amma yawansa na nakasa jariri a ciki, ga shi yawancin masu cutar mata ne a shekarun haihuwa. B6 mai yawa shi da kansa yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa.

Baƙar fata fa?

Akwai abin da na tsallake da gangan a binciken sojojin 2006: alaƙar da aka gani a fararen fata ba a gan ta a baƙaƙe ba, duk da cewa awon bitamin D ɗinsu ya fi ƙasa. A 2018 Annette Langer-Gould a kudancin Kalifoniya ta sake samun irin haka. Yawan shiga rana a tsawon rayuwa ya zo da raguwar haɗari ga baƙi da farare, amma awon bitamin D a jini farare kaɗai ya yi wa aiki. Wannan na nuna ko dai rana na yin wani amfani ta hanyar da ba ta bitamin ba, ko kuma awon da ake yi bai faɗin gaskiyar abin da ke jikin baƙar fata. Langer-Gould ce kuma ta nuna a 2013 cewa a yankinta baƙaƙen mata sun fi fararen mata kamuwa, abin da ya karya tsohon zancen cewa MS cutar Turawa ce. Ta ɗaya gefen, babban gwajin VITAL na Amurka, wanda na tsofaffi ne marasa MS, ya ba da IU 2,000 kullum bai ga ya kare tunani ba gaba ɗaya, sai ɗan alamar amfani a rukunin baƙaƙe, wadda masu binciken da kansu suka ce sai an sake tabbatarwa. Mutanen BENEFIT da na gwaje-gwajen Turai kusan duk farare ne. Bahaushen da ke zaune a Landan ko Toronto aka ce masa yana da MS ya kamata ya san lambobin nan ba a jikin irinsa aka samo su ba.

Mun taɓa ganin irin wannan a gida. A Turai, cutar laushin ƙashi da ke lanƙwasa ƙafafun yara rashin bitamin D ne ke kawo ta. Da Tom Thacher da abokan aikinsa suka gwada yara 123 a Jos, sakamakon 1999 ya nuna waɗanda aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D zalla. Rashin kalsiyam a abinci ne babbar matsalar. Ba kuma za a ce rana ta wadatar da mu ba, domin wani nazari na 2020 da ya tattara binciken Afirka ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na da ƙarancin bitamin D, ƙasa da nanomol 50, musamman mazauna birni da mata. A ƙasashenmu dai ba a cika samun rahoton MS ba, kuma ƙarancin na'urar MRI da likitocin jijiya na da hannu a hakan. Ciwon da ke zuwa ya tafi, yau ido gobe ƙafa, ya fi saurin kai mutum wurin mai ruƙiyya kafin asibiti.

To me mai cutar zai yi idan ya ji tunaninsa ya yi nauyi? Ya faɗa wa likitansa ƙarara, kada ya bari kunya ta hana shi, ya kuma nemi a gwada shi. Ƙungiyar MS ta Amurka ta ba da shawara a 2018 cewa a yi wa kowane mai cutar irin gwajin SDMT tun farko, a riƙa maimaitawa duk shekara. A auna B12 da bitamin D da tayirod da yawan jini. Idan an ga ƙaranci a cike shi da awon da likita ya tsara, domin ko ba don ƙwaƙwalwa ba, mai MS na buƙatar bitamin D saboda ƙashi: rashin motsi da magungunan sitiroyid na raunana shi, ga yawan faɗuwa. Kada a ajiye maganin cutar na asali saboda kwalbar bitamin. A duba barci da ciwon damuwa, a kuma zazzage jakar magunguna a gaban likita, domin oksibutinin da ake bayarwa don riƙe fitsari da wasu magungunan sassauta jijiya na dusashe tunani su ma. Horar da ƙwaƙwalwa na da hujja a bayanta: gwajin cibiyar Kessler ta Amurka a 2013 ya nuna koya wa masu cutar dabarar mayar da abin da suke son tunawa ya zama hoto da labari ya inganta riƙonsu.

Sai taba, wadda ba ta samun masu yi mata shela kamar bitamin saboda babu abin sayarwa a barinta. Binciken Cortese ɗin nan na 2020 bai tsaya kan bitamin D ba, ya auna sinadarin da nikotin ke bari a jini. Masu shan taba sun fi samun ƙarancin maki a gwajin PASAT bayan shekara 11, kuma alamar lalacewar jijiya a jininsu ta fi ta marasa sha da kusan kashi 20 cikin 100. Wani binciken Suwidin na 2015 ya bi masu shan taba 728 da aka gano suna da MS. Waɗanda suka ci gaba da sha sun shiga matakin da cutar ke ci gaba ba ja da baya suna da kimanin shekara 48, waɗanda suka daina cikin shekarar da ta biyo bayan gano cutar kuwa sai da suka kai 56.